Tafiya Don Kallon Tsuntsaye: Wargi Ne Ko Tunani?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci mai tafiya da mai rarrafe da mai tashi, Ya kuma ɗauki nauyin ciyar da su baki ɗaya. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, a 'yan shekarun nan wata al'ada ta fara shigowa ƙasar Hausa, wadda a da ba a san ta ba sai wurin Turawa. Watau sai a ga samari uku ko huɗu, galibinsu ɗaliban jami'a, sun tashi da sassafe cikin mota, kowa da madubin hangen nesa rataye a wuya da ɗan littafi a hannu, sun nufi ƙauye don kallon tsuntsaye. In sun ga tsuntsu sai su tsaya su dube shi da kyau, su rubuta sunansa da wurin da suka gan shi, sa'an nan su yi gaba. Tun shekarar 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos ta shiga tattara irin waɗannan rubuce-rubuce daga ko'ina cikin Nijeriya. An rarraba ƙasar a taswira gida-gida, kowane gida faɗinsa kamar kilomita 9, domin a san wane tsuntsu ke zaune a ina, kuma a cikin masu wannan aiki akwai 'ya'yan Musulmin Arewa da dama.

Mutane da yawa in sun ji wannan labari dariya suke yi, su ce rashin aikin yi ne. Waɗansu kuwa sukan ɗaure fuska su ce lagwu ne, irin wanda aka umurci mumini ya kau da kai daga barinsa. Maganar tasu ba abar yarwa ba ce, domin lokaci amana ne, kuma lalle za a tambayi kowane bawa a kan yadda ya ƙarar da rayuwarsa. Saboda haka ya kamata a ɗora al'amarin bisa ma'aunin shari'a. Shin Musulmin da ya ƙona mai, ya ba da yini guda don kallon tsuntsaye, wargi ya yi, ko kuwa ya yi abin da ake fatan lada a cikinsa?

Malamai sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an san kamanninsa. To, bari a ɗauki hanya guda sananniya a gabashin Jihar Sakkwato, a ga abin da mai irin wannan tafiya zai tarar. Wanda ya fita daga birnin Sakkwato ya nufi arewa maso gabas, ya wuce Achida, zai isa Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar ribaɗi, inda ya rasu a 1837, kuma inda hubbarensa yake. Ƙarƙashin tudun garin akwai shimfiɗeɗiyar fadamar Gulbin Rima, inda ake noman shinkafa da tafarnuwa da albasa. Gaba da nan sai Goronyo, inda aka tare gulbin da babbar madatsa wadda aka gama ginawa a 1984, aka kuma tsara ta don ta riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Ta kudu da Wurno kuwa, a bakin Gulbin Sakkwato, ga Rabah, mahaifar Sardauna, Sir Ahmadu Bello, inda aka naɗa shi hakimi a 1934. Garuruwan nan uku duk a bakin ruwa suke, kuma a ƙasa mai ƙarancin ruwan sama irin wannan, duk inda ruwa ya kwanta nan tsuntsaye ke taruwa.

Kowane lokaci na shekara da nasa baƙi. Da bazara, wajen watan Afrilu ko Mayu, shamuwa kan iso daga ƙasashen kudancin Afirka, ta yi sheƙa a kan itatuwan tsakiyar gari ba tare da tsoron kowa ba, manomi kuwa da ya gan ta ya san lokacin sharar gona ya yi. Da damina sai a ga kirinjijiya da dinya a tafkuna, da zalɓe tsaye cikin ruwa yana dakon kifi, da balbela tana bin sawun shanu. Da kaka shamuwa ta koma inda ta fito, sai waɗansu baƙin su sauka daga Turai da Rasha, watau ƙananan agwagin ruwa, da tsuntsayen bakin gulbi masu dogayen ƙafafu, da tsattsewa wadda nauyinta bai wuce giram 20 ba. Waɗannan sun ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara kafin su iso, su yi hunturu a fadama, sa'an nan wajen watan Maris ko Afrilu su juya. A gefen hanya kuma, cikin gonaki, ba a rasa kurciya da hasbiya da cilakowa da fakara, wani lokaci har da alhudahuda.

Wanda ya san Alƙur'ani Mai girma ya san cewa wannan kallo ba baƙo ba ne a addini. A aya ta 79 ta Suratun Nahli, da aya ta 19 ta Suratul Mulki, Allah Ya zargi waɗanda ba su ɗaga kai sun dubi tsuntsaye a sararin sama ba, alhali kuwa babu mai riƙe da su can sai Shi. A aya ta 41 ta Suratun Nur an ambaci tsuntsaye cikin masu tasbihi. A aya ta 38 ta Suratul An'am an bayyana cewa su ma al'ummomi ne kamar 'yan Adam. Hankaka ne ya koya wa ɗan Annabi Adamu yadda ake binne gawa, kuma alhudahuda ne ya kawo wa Annabi Sulaimanu labarin mutanen Saba. Har ila yau, a wurare da dama an yi umurni da tafiya cikin ƙasa don duba halitta. Ashe ke nan asalin tafiyar da asalin kallon duka abin nema ne, tun da ba a zargin mutum a kan barin abu sai in abin yana da kyau.

Amma fa ayyuka da niyya suke. Mutum biyu suna iya shiga mota ɗaya, su bi hanya ɗaya, ɗaya ya komo da lada, ɗaya ya komo da gajiya kurum. Wanda burinsa ya tara sunaye don ya yi wa abokansa alfahari, ya bar salla ta fita lokacinta saboda kada tsuntsu ya tashi, ya tattake shukar mutane ba da izini ba, ya girgiza sheƙa don ya ɗauki hoto, to, wannan maganar masu cewa lagwu ne ta hau kansa. Wanda kuwa ya yi sallama ga masu gari, ya nemi izinin mai gona, ya tsai da sallarsa a kan kari, ya dubi ɗan tsuntsun da ya ƙetare hamada ba guzuri ba jagora har zuciyarsa ta girgiza da girman Mahalicci, wannan tunani ya yi, tunani kuwa ibada ne. Ya kamata kuma ɗalibi mai madubi ya sani makiyayi da masunci da manomi sun riga shi wannan karatu, domin su suka san ranar isowar kowane tsuntsu da irin kukansa. In ya tambaye su cikin ladabi zai ƙaru fiye da abin da littafinsa zai ba shi.

Sai dai maganar ba ta tsaya kan mai kallo shi kaɗai ba, domin akwai mutumin da yake kallon tsuntsaye kullum ba don sha'awa ba, shi ne manomin fadama. Akwai ɗan tsuntsun nan jan-baki, wanda nauyinsa bai kai giram 30 ba, amma masana sun ce babu tsuntsun daji a duniya da ya kai shi yawa. In garkensa ya taso sai a zaci hayaƙi ne, in kuwa ya sauka a gonar shinkafa ko ta gero sa'ad da ƙwaya ta fara ido, kafin hantsi ya bar kara tsaye. Manomin nan watakila bashi ya ci ya sayi taki da man injin ban-ruwa. 'Ya'yansa sun bar makaranta suna tsaye a gona tun asuba har faɗuwar rana, suna ihu suna kaɗa gwangwanaye. Wanda ya je wa irin wannan mutum da wa'azin cewa tsuntsaye masu tasbihi ne, bai ce kome a kan hasararsa ba, to, bai yi masa adalci ba, bai kuwa fahimci shari'a ba.

Shari'a ba ta bar manomi hannu rabbana ba. Ƙa'ida ce tabbatacciya cewa cuta gusar da ita ake yi. Ya inganta daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halatta kashe waɗansu halittu biyar masu ɓarna ko da a cikin Harami ne, a cikinsu har da shirwa da hankaka, malamai kuma suka yi ƙiyasin sauran masu cutarwa a kansu. Saboda haka manomi yana da ikon korar jan-baki, da kafa masa tarko, da kashe shi, har ma da cinsa in an yanka. Amma akwai ƙa'ida ta biyu wadda take tafiya tare da ta farko, ita ce lalura gwargwadonta ake auna ta. Imamu Nasa'i ya ruwaito cewa duk wanda ya kashe ɗan tsuntsu ba da haƙƙi ba Allah zai tambaye shi, haƙƙin kuwa shi ne ya yanka ya ci, kada ya cire kai ya yar. Abdullahi ɗan Umar ya taɓa iske waɗansu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwajin harbi a kansa, ya sanar da su cewa Annabi ya la'anci mai yin haka. Abu Dawuda ya ruwaito hani ga kashe tururuwa da ƙudan zuma da alhudahuda da wani tsuntsu da Larabawa ke kira suradu. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin, wadda kowane almajirin ƙasar nan ya sani, an karhanta farauta don wasa, an halatta wadda ba ta wasa ba.

Idan aka haɗa waɗannan nassoshi wuri guda sai a ga abu ɗaya suke nema, watau rarrabewa. A rarrabe mai ɓarna da marar ɓarna, a rarrabe kisan bukata da kisan banza, a kuma tsaya inda bukata ta tsaya. A nan ne ake yawan zamewa. Shekara da shekaru gwamnatoci suna yaƙar jan-baki ta hanyar feshin guba da jirgin sama a makwancinsa, an kuwa sha yin haka a jihohin Arewa, har da Sakkwato da Kebbi. Gubar da aka fi amfani da ita a Afirka don wannan aiki, mai suna fentiyon, ba ta zaɓe. Tana kashe duk tsuntsun da ya kwana a wurin, ta kashe shaho da mujiya da suka ci gawar, ta sauka cikin ruwa tun da makwancin galibi a bakin ruwa yake, kuma akwai hatsari babba ga mutanen da ke tsince matattun tsuntsayen su ci ko su kai kasuwa. Bayan wannan duka baɗi jan-baki ya komo, domin asalin abincinsa 'ya'yan ciyawar daji ne, kuma yana hayayyafa da sauri. Akwai waɗansu dabaru da ke rage hasara ba tare da guba ba, kamar manoman yanki guda su yi shuka lokaci ɗaya don kada ɓarna ta taru a kan mutum guda, da yin girbi da wuri, da kama tsuntsun da raga a ci, kamar yadda ake yi a kewayen Tafkin Chadi.

Ƙasar Sin ta ba duniya darasi a kan kisan da ba rarrabewa. A 1958 hukumar ƙasar ta yi shela a ƙarar da gwara, wai don tana cin hatsi. Jama'a suka fito ƙwansu da kwarkwatarsu suka kashe miliyoyi. Sai fara da sauran ƙwarin da gwara ke ci suka sami sarari, suka auka wa gonaki, har a 1960 aka janye umurnin. Wannan ɓarna tana cikin abubuwan da suka ƙara tsananta yunwar da ta hallaka miliyoyin mutane a waɗannan shekaru. Haka al'amarin yake a nan gida, domin shamuwa da balbela fara da tsutsa suke ci, watau 'yan ƙodagon manomi ne da ba ya biyan su ko anini.

To, wa zai iya wannan rarrabewa da shari'a ta nema? Sai wanda ya zauna ya lura, ya san jan-baki daga sauran 'yan tsuntsayen da suka yi kama da shi, ya san inda yake kwana da watan da yake isowa, ya kuma san waɗanda ke kwana tare da shi. Malaman usulu sun ce abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. In haka ne, samun waɗansu mutane cikin al'umma da suka san tsuntsayen ƙasarsu sani na haƙiƙa bai yi nisa da farillar kifaya ba, wadda in waɗansu suka yi ta sun ɗauke wa saura. Bayan manomi ya yi iyakar ƙoƙarinsa kuwa, abin da tsuntsu ya ci bai tafi a banza ba, domin Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Anas cewa duk Musulmin da ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, za a rubuta masa ladan sadaka.

Mai tafiya a wannan hanya zai kuma lura da waɗanda bai gani ba. Dattawa sun san zamanin da ba a raba mahauta da ungulu, amma yanzu yaro yana iya girma a garuruwa da yawa bai taɓa ganinta ba. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa ungulun nan ta cikin gari a jerin waɗanda ke gab da ƙarewa. Babban abin da ya jawo haka a Nijeriya shi ne cinikin kanta da sauran gaɓoɓinta don aikin bokaye, wanda ya haɗa laifi biyu, kisa ba da haƙƙi ba da dogara ga wanin Allah. Ungulu kuwa ita ce mai share mushe kafin ya zama cuta. A ƙasar Indiya, sa'ad da wani maganin shanu mai suna dikilofenak ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayen ƙasar tun daga shekarun 1990, mushe ya yi ta ruɓa a fili, karnukan sake suka yawaita, har gwamnati ta hana ba dabbobi maganin a 2006. Haka nan gauraka, wanda a da ake jin kukansa a fadamun Arewa, kamu don sayarwa ga masu kiwonsa a gida da lalacewar fadamu sun kusa raba shi da Nijeriya. Waɗannan duka sun ragu ne a hankali, ba wanda ya farga, domin ba wanda ke rubutawa. Littafin ɗalibin nan mai madubi yana iya zama shaidar da za ta farkar da mutane tun da sauran gyara.

Saura magana guda wadda ta fi duka nauyi. Mai hankali yana iya cewa, yaya za a yi zancen ran tsuntsu a ƙasar da ran ɗan Adam ya zama araha? A watan Yuli na 2018 'yan bindiga sun kashe fiye da mutum 30 a Tabanni da kewayenta, cikin ƙasar Rabah. A watan Oktoba na 2021 sun auka wa kasuwar Goronyo suka kashe fiye da mutum 40. Ƙauyuka da dama sun watse, gonaki da yawa sun koma saura. Amsa ta farko ita ce, babu shakka ran mutum ne a gaba, kuma bai halatta ga kowa ya jefa kansa cikin halaka don kallon tsuntsu ba. Duk hanyar da mutanen wurin suka ce kada a bi, to, barinta wajibi ne, ko da wane irin tsuntsu aka ce yana can.

Amsa ta biyu kuwa ita ce, jin ƙai ba hatsin rumbu ba ne da zai ƙare in an ɗiba wa tsuntsu. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke wa wata 'yar tsuntsuwa 'ya'yanta biyu, ta zo tana ta kaɗa fukafukai, da Annabi ya gani sai ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya yi umurni a mayar mata da su. Wannan shi ne shugaban da nauyin al'umma duka ke wuyansa, amma bai ga abin ya yi ƙanƙanta da ya tsaya a kansa ba. Sayyidina Abubakar kuma, sa'ad da yake sallamar rundunar da ya tura Sham, ya yi musu wasiyya kada su sare itace mai 'ya'ya, kada su yanka dabba sai don ci. Idan a fagen fama ma an sa iyaka, ina ga lokacin da ba yaƙi? Raina rai abu ne da zuciya ke koyo kaɗan-kaɗan, girmama shi ma haka. Yaron da ya harbo kurciya da danƙo ya yar, uba ya kira shi ya nuna masa cewa wannan rai yana da Mai shi, an dasa masa abin da zai tsare hannunsa in ya girma. Sarkin Musulmi Bello ya kafa ribaɗi irin na Wurno ne domin a tsare iyaka, mutane su zauna su yi noma da karatu cikin kwanciyar rai. Ranar da baƙo zai iya tsai da mota a tsakanin Wurno da Goronyo, ya fito ya dubi shamuwa ba tare da waige-waige ba, ran nan manomi ma ya sami komawa gonarsa, mai tallar nono ta sami zuwa kasuwa.

Saboda haka hukuncin wannan tafiya yana bin niyyar mai yin ta da abin da ta haifar. In ta ƙara masa sanin Ubangijinsa, ta kuma amfani manomi da sauran bayin Allah, to, aikin alheri ce. In kuwa ta shagaltar da shi daga farilla, ko ta kai shi ga cutar da kansa ko waninsa, ta zama abin zargi. Ya kamata limamai su riƙa ambaton haƙƙin dabbobi da tsuntsaye a huɗubobinsu, iyaye su tsawata wa yara a kan kisan banza da fasa sheƙa, hakimai da dagatai su hana cinikin ungulu a kasuwanninsu, ma'aikatan gona kuma su nemi shawarar masana da ta mutanen gari kafin su yi feshi, su gargaɗi jama'a kada a ci abin da guba ta kashe.

Allah Ya sanya albarka a gonakin Musulmi, Ya tsare su daga fara da jan-baki, Ya ji ƙan waɗanda aka kashe bisa zalunci, Ya mayar da aminci a ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo da sauran ƙasashe baki ɗaya. Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.